Yadda Ake Renon Kariya a Tukunya Har Ta Yi Fure

Kariya, wadda a kimiyyance ake kira Adenium, 'yar gida ce a ƙasar Hausa. Tana fitowa da kanta a dajin Sahel tun daga Senegal har Sudan, da gabashin Afirka da kudancin yankin Larabawa, kuma ta fi son wurin duwatsu da fako inda ruwa ba ya kwanciya. A daji takan kai tsayin mutum ko ta ɗara, a tukunya kuwa ana iya riƙe ta a kamu biyu zuwa uku na tsawon shekaru. Abu biyu ake renonta dominsu: kumburarren gindin nan da take ajiye ruwa a ciki, da furenta ja ko ruwan hoda mai fari a tsakiya.

Wannan gindin shi ne sirrin renonta gaba ɗaya. Shukar da ta tanadi ruwan watanni a jikinta ƙishirwa ba ta cika kashe ta ba. Akasarin waɗanda suke mutuwa a gidaje ruɓewa suke yi, saboda ƙasa mai riƙe ruwa, ko tukunya marar huda, ko mai gida da ya haɗa ta da sauran fulawowi yana ba ta ruwa safe da yamma.

Gubarta

Ruwan da yake fita daga jikinta idan an yanka yana da guba mai taɓa zuciya, kuma da shi mafarauta a sassa da dama na Afirka suka riƙa haɗa dafin kibiya. Taɓa ganye ko fure ba ya yin komai, amma duk ranar da za a yi yanka a sa safar hannu ko a ɗaura leda, kada hannu ya je ido ko baki, a wanke wuƙar da sabulu kuma kada ta koma madafa. A ɗora tukunyar inda yaro mai rarrafe da awaki da kaji ba za su kai ba, rassan da aka yanke kuma a binne su. Idan ruwan ya shiga ido a yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta na kamar minti 15. Yaron da ya tauna wani sashe nata asibiti za a kai shi nan take, a tafi da guntun shukar don a ga abin da ya ci.

Wadda za a saya

Ka matsa gindin da yatsa. Lafiyayyen gindi tauri gare shi ko'ina. In ya lotsa, ko akwai baƙin tabo mai laushi kusa da ƙasa, bar ta komai kyan furenta. Ka ɗaga ledar ka duba ƙasar: masu reno da yawa suna shuka komai a baƙar ƙasa mai laka, to irin wannan sai an sauya mata ƙasa cikin makon da aka kai ta gida.

Iri uku za ka tarar. Akwai wadda aka tayar daga iri, mai gindi kumburarre tun tana ƙarama. Akwai ta reshe, wadda jikinta yake miƙe ba kumburi sosai. Akwai kuma mai aure, wato wadda aka ɗora mata reshen wata kariyar, za ka ga tabon haɗi a rassanta. Masu fure ninki-ninki da launuka masu duhu, waɗanda aka fi samarwa a Tailan da Taiwan, kusan duk masu aure ne. Mai farawa ya fi dacewa ya ɗauki ta iri mai fure ruwan hoda. Ta fi arha, ta fi jure kuskure.

Tukunya da ƙasa

Tukunyar ƙasa ta gida ta fi ta roba, domin tana tsotse danshi ta jikinta kuma ba ta ɗaukar zafi kamar baƙar roba, wadda a ranar Afrilu ta Sakkwato ko Maiduguri takan dafa saiwoyin da suke jingine da ita. Mai faɗi marar zurfi, irin siffar kasko, ita ce ta dace: saiwa tana bazuwa gefe, gindi yana faɗi, ƙasa kuma tana saurin bushewa. Faɗin bakinta ya wuce faɗin gindin shukar da santimita 4 zuwa 5 ta kowane gefe, kada ya fi haka. Babbar tukunya ga ƙaramar shuka tana tara jiƙaƙƙiyar ƙasar da babu saiwar da za ta shanye ta.

A huda ƙasanta wuri 4 zuwa 6, kowace huda yatsa ya iya shiga. In ta ƙasa ce, a jiƙa ta tukuna, a kifa ta a kan yashi, a huda da ƙusa a hankali don kada ta tsage. A rufe hudojin da guntun ragar sauro, ƙasa ba za ta zube ba, ruwa kuma zai wuce.

Haɗin ƙasa, da kowane kwano aka auna:

- kashi 2 na yashin kogi mai kauri, irin na gini, wanda aka tankaɗe aka zubar da laushin
- kashi 1 na gawayi da aka farfasa kamar girman gyaɗa, ko fasasshen jan bulo, ko rabi da rabi
- kashi 1 na takin shanu ko na tumaki da ya shekara, ya yi baƙi, ya daina wari

Wanda yake kusa da injin casar shinkafa yana iya maye rabin gawayin da ɓuntun shinkafa da aka babbaka har ya yi baƙi bai zama toka ba. Abin da za a guje wa shi ne rairayi mai laushi da ƙasar fadama. Mutane suna ɗauka duk yashi ɗaya ne, alhali rairayi yana toshe 'yan ƙofofin da iska take bi zuwa saiwa, in ya jiƙe sai ya dunƙule. Ɗanyen taki kuma yana ƙona saiwa, yana jawo gara da tsutsa.

Gwajin haɗin ba wuya. Cika tukunyar, zuba ruwa kofi biyu. Ya kamata ya nutse nan da nan, ya fara ɗiga ta ƙasa kafin minti ɗaya. In ya tsaya a sama yana kallonka, ƙara yashi da gawayi. Sannan ka damƙi jiƙaƙƙen haɗin a tafin hannu ka buɗe: in ya warwatse ya yi, in ya zauna curi akwai laka a ciki.

Dashe

Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, sanyi ya wuce, ruwan sama bai sauka ba, shukar kuma tana shirin toho. Kada a yi dashe a tsakiyar Agusta ko a tsakiyar hunturu sai in ceto ake yi.

1. A daina ba ta ruwa kwana 4 ko 5 kafin ranar, ƙasar ta bushe.
2. A kwantar da tukunyar a zare shukar ta gindi, ba ta rassa ba. In leda ce a yanka ledar.
3. A kakkaɓe tsohuwar ƙasa duka. Mai laka sai an wanke da ruwa.
4. A duba saiwoyi. Masu lafiya fari ne ko ruwan ƙasa mai haske, masu tauri. Duk baƙi, mai laushi ko mai wari a yanke shi da wuƙar da aka goge da sifirit, a shafa garin gawayi ko tokar itace a wurin.
5. A rataye shukar ko a kwantar da ita a inuwa mai iska kwana 2 zuwa 3 in yankan kaɗan ne, mako guda in babba ne. Ba abin da zai same ta.
6. A zuba busasshen haɗi, a zaunar da ita yadda gindin zai fito sama da inda ƙasa take a da da santimita 2 zuwa 3, a cike gefe, a bubbuga tukunyar ƙasa ta zauna. Kada a danna da ƙarfi.
7. Ba ruwa sai bayan kwana 5 zuwa 7, kuma tana inuwa mai haske har kwana 10.

Mataki na bakwai shi ne wanda hannu yake ƙaiƙayi a kansa, don an saba duk abin da aka dasa a bi shi da ruwa. A nan ruwa a kan sabon rauni ƙofar ruɓa ce.

Ɗaga gindin da aka yi a mataki na shida shi ne yadda ake samun siffar nan mai murɗaɗɗun saiwoyi a waje. Ana maimaita shi duk shekara ɗaya ko biyu, kaɗan-kaɗan. Sashen da ya fito sabo fari ne, rana tana ƙona shi, don haka a lulluɓe shi da tsumma ko busasshiyar ciyawa mako biyu zuwa uku har fatar ta yi duhu.

Rana da mazauni

Tana buƙatar rana kai tsaye awa 6 ko fiye. A falo ko ƙarƙashin darbejiya za ta rayu, amma rassa za su yi tsawo su sirance, fure kuma ba zai zo ba. Wadda aka sayo daga inuwar masu reno a saba mata da rana a hankali, hantsi kawai a makon farko, sannan a ƙara. A ɗora tukunyar a kan bulo biyu, ruwa ya samu hanyar fita, gara kuma ba ta samu hanyar shiga ba. Kada a ajiye ta ƙarƙashin indararo ko bakin kwano inda ruwan rufi yake zuba. Duk mako biyu a ɗan juya tukunyar don kada ta karkata gefe ɗaya.

Ban ruwa

Ƙa'idar ɗaya ce duk shekara: a ba ta ruwa sosai har ya fita ta ƙasa, sannan a bari ƙasar ta bushe kafin a sake. Yayyafin kullum da yake jiƙa sama kawai ba ya kai wa saiwa, kuma yana barin wuyan gindi cikin danshi. Don sanin ko ta bushe, soka tsinken tsire har ƙasan tukunya, bar shi minti biyu, zare. In ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, a ƙara kwana.

Abin da yake sauyawa shi ne tsawon jiran. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, shuka mai ganye a tukunyar ƙasa mai faɗin santimita 25 tana iya neman ruwa duk kwana 2 ko 3, kuma a wannan lokacin ba ta tsoronsa, domin zafi yana sa ta sha da gaske. Da safe ake ba ta.

Da damina sai a ajiye butar. Ruwan farko na Yuni da Yuli yana yi mata daɗi, za ka ga ganye ya yi kore shar. Haɗarin yana Agusta, lokacin da ake jera kwanaki ana ruwa, rana ba ta fitowa sosai. In aka yi kwana uku ƙasa ba ta sha iska ba, a janye tukunyar zuwa baranda ko ƙarƙashin rumfa inda haske yake shiga amma ruwa ba ya dukanta. Mazauna Kaduna, Abuja, Jos da Kumasi, inda damina ta fi tsawo da nauyi, gara su ƙara gawayi da bulo a haɗinsu tun farko, su mai da takin rabin kashi.

Da kaka a fara tsawaita jira, kamar mako guda. Da hunturu kuwa yawancinsu suna zubar da ganye su yi barci. Nan ne mutane suke ganin ganye ya yi rawaya yana zuba, su ɗauka ƙishirwa ce, su ƙara ruwa, alhali shukar da ba ta da ganye ba ta da inda za ta fitar da shi. Sau ɗaya a mako biyu ya isa, marar ganye ko kaɗan ma tana iya yin wata guda. Sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 yana cutar da ita, musamman in ƙasarta a jiƙe take, don haka a Jos da makamantanta a shigar da ita ɗaki da dare a Disamba da Janairu.

Gindi mai ɗan yamushewa amma da tauri ƙishirwa ce, ruwa ɗaya zai cike shi cikin kwanaki. Gindi mai laushi alhali ƙasa a jiƙe take ruɓa ce. Ruwan wanki da na wanke-wanke ba na kariya ba ne. In ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin gishiri a bakin tukunya, duk wata biyu a kwarara mata ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke ƙasar.

Taki

NPK 15-15-15 da ake samu a kowace kasuwa ya wadatar. A narka cokalin shayi ɗaya a ruwa lita 4, a ba ta sau ɗaya a wata daga Maris zuwa Satumba, a kan ƙasa mai ɗan danshi. Kada a zuba ƙwayoyin a jikin gindi. Yuriya ba ta da amfani a nan: ganye za ta bayar da dogayen rassa masu taushi da ƙwari suke so, fure kuwa ya ragu. Ba a ba wadda aka dasa taki sai ta yi wata guda, ba a ba mai barci, ba a ba marar lafiya.

Aski

Fure a kan sabon toho yake fitowa, a ƙarshen reshe. Shuka mai dogon reshe ɗaya fure tuli ɗaya za ta yi; in aka datse shi, rassa biyu zuwa huɗu za su fito a ƙasan yankan. Ana yi a ƙarshen Fabrairu ko Maris. A yanke da wuƙa mai kaifi santimita ɗaya sama da idon ganye, a ɗan karkace don ruwa ya zame, a bar aƙalla santimita 8 zuwa 10 na reshen. A goge ruwan da ya fito, in ya tsane a shafa garin gawayi, ko a ɗiga kakin kyandir bayan kwana ɗaya. Kada ruwa ya taɓa wurin har mako guda. Toho yakan bayyana cikin mako 2 zuwa 3, fure kuma bayan wata biyu zuwa uku. A mai aure, kada a yanka ƙasa da tabon haɗin, in ba haka ba an zubar da launin da aka saya. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon kuma a cire shi, don zai ƙwace abincin na sama.

Yadda ake yaɗa ta

Iri shi ne yake ba da gindi mai kyau. Kwanson yana fitowa biyu-biyu a haɗe, dogaye, kuma yana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin ya nuna. Da ya fara sauya launi a ɗaure shi da zare, domin in ya fashe 'ya'yan suna da gashi a kai biyu, iska za ta kwashe su. A cire gashin, a shuka da wuri, don irin kariya ba ya jure ajiya. Na wata shida ya riga ya fara rauni. A jiƙa shi awa 2, a kwantar da shi a kwance a kan haɗin da aka tankaɗe ya ɗan yi laushi, a rufe da ƙasa rabin santimita, tazarar santimita 3 tsakani. A nan kaɗai ake son danshi kullum, ta hanyar fesawa, a inuwa mai haske. Da zafi yakan tsiro cikin kwana 4 zuwa 10. In sun yi ganye 6 a raba su a ƙananan tukwane. Fure yakan zo bayan shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ba dole ya yi kama da na uwar ba. Irin da aka ɗiba daga mai fure ninki sau da yawa fure mai sauƙi yake bayarwa.

Reshe ya fi sauri. A ɗauki mai kaurin yatsa, tsawon santimita 12 zuwa 15, daga abin da aka aske. A cire ganyen ƙasa, a bar shi a inuwa kwana 3 zuwa 5 bakin ya bushe, a soka santimita 4 a yashi da gawayi zalla. Ɗan ruwa kaɗan duk kwana 4. Saiwa takan fito cikin mako 3 zuwa 6. Furen zai zama irin na uwar sak, amma gindin ba zai yi kumburin ta iri ba sai bayan shekaru, shi ma a ƙarƙashin ƙasa.

Aure yana haɗa amfanin biyun, kuma ya fi na mangwaro sauƙi. A samu ta iri mai shekara ɗaya ko biyu, a yanke reshenta a shafe da sabuwar reza. A yanko guntu mai tsawon santimita 2 zuwa 3 mai ido biyu daga wadda ake son furenta, shi ma ƙasansa a shafe, kaurinsa daidai da na ƙasan ko ya ɗan gaza. A goge ruwan fuskokin biyu, a ɗora, a lulluɓa farar leda daga sama a ja ta ƙasa yadda za ta danne guntun, a ɗaure da roba. A ajiye a inuwa, a cire ledar bayan kwana 10 zuwa 14. Abin da yake ɓata shi uku ne: reza marar tsabta, guntun da aka ɗora a kife, da ruwan da ya shiga cikin ledar.

Ruɓa da ƙwari

Alamar ruɓa ita ce ganye ya yi rawaya gaba ɗaya a lokacin da ba hunturu ba, gindi ya yi laushi, wani lokaci da wari. A tumɓuke ta a ranar, a wanke, a yi ta yanke ruɓaɓɓen har a kai fari tas ba ɗigon ruwan ƙasa ko ɗaya, ana goge wuƙar da sifirit bayan kowane yanka. Tabo kaɗan da aka bari zai ci gaba da ci. A shafa garin gawayi, a rataye ta a inuwa kwana 7 zuwa 14, a dasa a sabon busasshen haɗi, a jira mako guda kafin ruwa. In ruɓar ta cinye gindin duka, a yanke rassan da cikinsu yake fari a dasa su.

Da damina akwai wata ƙatuwar koriyar tsutsa mai tabo biyu shuɗɗa kusa da kai, wadda take iya cinye ganyen ƙaramar shuka cikin dare biyu. Launinta ya saje da ganye, don haka baƙin kashinta a bakin tukunya ake fara gani. A tsince ta da hannu. Darɓa rawaya tana taruwa a kan sabon toho da ƙunshin fure, farin ƙwaro mai kama da auduga kuma yana ɓuya a hammatar ganye da cikin saiwa. In ka ga tururuwa tana hawa da sauka, ɗayansu yana nan. Da hunturu da bazara kuma ƙananan jajayen ƙwari masu saƙa suna zama a bayan ganye, su sa shi ya yi fari-fari kamar ƙura ta hau.

Darɓa, farin ƙwaro da jajayen ƙwari, duk ukun magani ɗaya ne: man darbejiya cokalin shayi ɗaya da sabulun ruwa rabin cokali a ruwa lita ɗaya, a girgiza, a fesa saman ganye da bayansa bayan la'asar, sau ɗaya a mako har sau uku. Fesawa da tsakar rana tana ƙona ganye. Farin ƙwaron da ya shiga saiwa kuwa feshi ba ya kai masa, sai an tumɓuke shukar an wanke saiwoyin da ruwan maganin, an zubar da tsohuwar ƙasar, an kuma wanke tukunyar an shanya ta a rana kwana biyu kafin a mayar.